Sa Ɗaya a Rijiyar Lambu

Lambunmu ba ya cikin filin da gwamnati ta shata wa ruwa. Yana gefensa ne, a kan ɗan tudu tsakanin Kura da Bunkure, inda kana tsaye kana jin motsin ruwa a babbar magudanar da ta taso daga Tiga, amma ko ɗigo ba ya hawowa wurinka. Waɗanda gonakinsu ke ciki tiyo kawai suke lanƙwasawa, ruwa ya gangaro da kansa. Mu rijiya gare mu, mai faɗin baki, wadda mahaifinmu ya haƙa tun kafin a kawo aikin. Da aka saki ruwan, ƙasar yankin ta ƙoshi, rijiyar ta daina ƙafewa. Da jigo ya fara ban ruwa. Daga baya ya sayi inji mai shan fetur, ya faɗaɗa lambun har ya wuce abin da jigo zai iya shayarwa, aka tumɓuke jigon aka yi rumfa da itacensa.

Mahaifinmu ya rasu da damina, a shekarar da na gama bautar ƙasa. Tsakiyar shekarun tamanin ne, lokacin soja. Ba a daɗe ba aka ɗauke ni malamin gona a ofishin aikin noman rani, kusa da gida. Mutane suna yi mini ta'aziyya da murna a gaisuwa ɗaya, ina amsa duka biyun da murya ɗaya. Na yi ta jiran baƙin cikin ya zo. Bai zo ba, ko kuma ya zo ban gane shi ba. Abin da na fi tunawa a watannin nan shi ne yawan shafa aljihu da nake yi, in ji ko makullin ofis yana nan.

Da kaka aka raba gado. Lambun ya faɗa hannuna da na yayana, wanda shi ne ya tashi a gona tare da mahaifinmu, ni aka kai ni boko. Na bar masa rabona ya riƙe. Akwai shanun huɗa biyu, ja da fari. Farin ya faɗa rabon 'yan'uwanmu mata, mazajensu suka kai shi kasuwa. Jan ya rage wa Yaya. Ba wanda ya cuci wani, haka rabon ya faɗa.

Ranar da aka gama, ƙanen mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, ya tsayar da mu a zaure. Ya ce akwai wani ɗan kasuwa daga birni da ke karɓar filaye a gefen ruwa, yana da babban inji da durom-durom na mai, kuma ya yi maganar lambunmu. A ba shi jingina na wasu shekaru, Inna ta samu abin riƙe gida, Yaya kuma ya yi masa aiki ko ya tafi cin rani.

"Ba raina ka na yi ba, ɗana," in ji Baffa. "Lambu ba gonar damina ba ce. Ubanka ma da ƙyar yake riƙe shi."

Yaya yana kallon ƙasa. Ya ce, "Baffa, a bar mini rani ɗaya."

"Idan bai yi ba fa?"

"Idan bai yi ba, ni da kaina zan kai ka wurin mutumin."

Baffa ya juyo gare ni, ya ce me na gani, tunda ni ne malamin gona. Na ce ina ganin kowane ɓangare yana da hujja. Yaya ya yi ɗan murmushi, bai ɗago ba. A kan haka aka tashi.

Tumatir ya dasa, lambun gaba ɗaya. Dashen ya kama da kyau. Sai mai ya ɓace.

Ba a rana ɗaya ya ɓace ba. Da farko layi ne ya yi tsawo a gidan mai na Kura. Daga nan aka ce an hana sayarwa a jarka, saboda masu tsallakawa da shi iyaka, duk da iyakar a rufe take a lokacin. Sai a tankin abin hawa ko na inji. Manoman lambu suka koma ɗaure injin kansa a bayan keke, su tura shi har gidan mai, a cika musu ɗan tankinsa, su turo shi gida a hankali kada ya zube. Na sha wucewa in ga Yaya cikin wannan layin, shi da injinsa, tsakanin motoci. Abin da ake zuba masa ba ya shayar da rabin lambun. Akwai ranar da ya je har wajen Kumbotso ya dawo da tankin a bushe. 'Yan bumburutu suna da shi a kwalabe bakin titi, amma wanda ya shayar da tumatir da man kwalba, ya san ba don riba yake noma ba. Wani lokacin ma gauraye yake da kananzir, injin ya yi ta tari yana mutuwa.

Tumatirin ya fara fure ke nan. Duk wanda ya san shi ya san a nan ne ba ya yafe ƙishi. Da hantsi ganyen yake yin laushi, furen ya riƙa kakkaɓewa. Yaya ya koma ɗiba da guga da hannu, yana bin layukan da suka fi kusa da rijiya. Inna, mahaifiyarmu, ta daina tambayarsa yadda lambu yake.

Ana cikin haka shugaban ofishinmu ya kira ni. Ya ce akwai wata yarjejeniya tsakanin hukumomin gona na ƙasarmu da na Nijar, ta musayar dabarun ɗaga ruwa ba da mai ba. Namu sun je can sun nuna musu wasu abubuwa, su kuma sun turo ma'aikacinsu ya gwada mana wata hanya ta jawo ruwa da dabba. Ana neman lambu mai rijiya, a wajen filin gwamnati.

"An ce kuna da ita," ya ce.

Na ce haka ne, amma ina tsoron kada a ce na kai aikin hukuma gidanmu. Ina kuma tsoron kada a yi gwaji a kan amfanin yayana, abin ya ƙi. Na ƙara da cewa wataƙila ya fi kyau a fara dubawa ko akwai wani wurin.

"Kana da wani wurin?"

"A'a, ranka ya daɗe. A yanzu dai babu."

"To, gobe ka kai shi."

Baƙon dogo ne siriri, ya girme ni da kaɗan, mutumin Damagaram. Ya ce ya yi shekaru yana aiki a lambunan Buzaye can wajen duwatsun Agadas, inda ba a san inji ba. Na ɗauke shi a babur ɗin ofis. Muna isa ya yi sallama, Yaya ya ji harshensa, ya ajiye guga.

"Kai, ashe Badamagare ka kawo mini? Da ka faɗa, ai da na ɓoye kwanon tuwona."

"Ɓoye abinka," in ji baƙon. "Na ga tuwon Kanawa a hanya. Kowa ya ɗaure shi a keke yana bin layi da shi."

Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kakanni, ba a fushi. Amma na daɗe ban ji Yaya ya yi dariya ba, sai da na waiwaya na dube shi.

"Ku za a tambaya," in ji Yaya. "Duk man da ya ɓace mana yana cikin baburanku."

"Wallahi mu ma da tsada muke shan sa. Ku ne da rijiyar mai, mu ne da ƙishi, sai ga shi an aiko ni in koya muku jan ruwa. Wutar lantarkin da kuke ba mu ma, in kuka yi atishawa sai ta ɗauke."

"To, Badamagare, nuna mana."

Baƙon ya zagaya rijiyar, ya leƙa, ya jefa tsakuwa. Ya ce ruwan yana kusa, abin zai yi sauƙi. Sai ya tambaya, "Kuna da sa?"

Muka ce akwai.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka kafa gwafa biyu masu ƙarfi a bakin rijiya, aka gitta azara a sama, aka rataya wata ƙaramar taya ta katako mai kwari a tsakiya don igiya ta bi ta kai. A ƙasa da ita aka sa wani gungume mai juyawa. Gugan shi ne abin kallo. Babba ne, na fata, a gindinsa an ɗinka masa doguwar wutsiya kamar ƙafar wando, buɗe. Igiya biyu ce: mai kauri tana riƙe da bakin guga, siririya tana riƙe da wutsiyar, tana naɗe ta sama don kada ruwa ya zube a hanya. Idan sa ya ja, ya yi nisa, gugan ya iso sama, sai wutsiyar ta miƙe da kanta ta juye ruwan cikin kwamin da aka sassaƙa da giginya, daga nan ya bi lambatu zuwa fangalai. Sa ya juyo, guga ya koma. Ba mai taɓa gugan. Baƙon ya ce a can, dabbar da ta saba ba ta ma bukatar a bi ta, mutum ɗaya yana raba ruwa yana yi mata magana daga nesa.

Aka share hanya miƙaƙƙiya daga rijiya, siririya, tsakanin fangalai biyu, daidai faɗin dabba ɗaya. Na auna ta, na sake aunawa. Baƙon ya ce, "Malam, hanyar sa ce, ba ta jirgi ba."

Da sassafe Yaya ya kawo jan san. Aka ɗora masa maɗauri mai tsumma a gaban tozo, aka ƙulla igiyoyin. Maƙwabtan lambu sun taru, waɗanda su ma injinansu ke kwance. Yaya ya yi masa irin kiran da mahaifinmu ke yi musu.

San bai motsa ba. Ya tsaya yana juya kunne.

Aka ja igiyar hancinsa, ya taka. Bai yi nisa ba ya fara karkata dama. Ya ci gaba da karkata har ya sauka daga hanyar ya shiga fangali ya tattake tumatir. Igiya ta zame daga kan tayar, gugan ya bugi bangon rijiya, muka ji ruwan ya koma.

Aka mayar da shi. Ya sake. Aka sake mayar da shi, ya sake, a wuri ɗaya, ta gefe ɗaya.

Baƙon ya hau ya ƙara wa tayar kwari da wuƙa. Ni kuma na koma kan gwafannin, ina zaton ko ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wani cikin maƙwabta ya ce a rufe masa ido, aka rufe, ya tsaya cak yana huci. Wani ya ce yunwa ce. Wani ya ce san Kano ne, ba ya jin Faransanci. Aka yi dariya, amma Yaya ba ya ciki. Rana ta ɗaga, ganyen ya fara laushi, mutane suka fara zamewa.

Da muka rage mu uku, Yaya ya zauna a bakin kwamin da bai jiƙe ba. Ya ce, "Na hagu ne."

Baƙon ya ce bai gane ba.

Ni na gane. A wajenmu ba a horar da san huɗa shi kaɗai. Tun suna ƙanana ake haɗa biyu a karkiya ɗaya, wannan a hagu, wannan a dama, kuma ba a sauya musu gefe har su tsufa. Kowanne yana tafiya ne yana ɗan jingina da ɗan'uwansa, a haka layin ke miƙewa. Jan nan bai taɓa jan komai ba sai da farin a damansa. Yanzu yana jingina, babu abin da ya tare shi, sai ya yi ta tafiya. Na san wannan tun ina yaro. Yaya ya fi ni sani. Baƙon ya tambaye mu ko muna da sa, muka ce akwai, kuma gaskiya muka faɗa. Shi bai ga dalilin tambayar ko san ya taɓa aiki shi kaɗai ba, don a inda ya fito haka ake yi. Mu ma ba mu ga abin faɗa a ciki ba.

"Ina ɗayan?" ya tambaya.

"Gado," in ji Yaya.

Baƙon ya ce Allah ya jiƙan rai. Muka ce amin.

Mun gwada abin da za a iya gwadawa. An ɗaura jaki a damansa, ya kai masa ƙaho. Yaya ya bi masu shanu neman aro, amma ba wanda zai raba biyunsa, kuma a ranin nan duk shanun huɗa suna kan titi da amalanke, suna ɗaukar kayan da motoci suka kasa ɗauka. Baƙon ya ce za a iya horar da shi, sai dai abu ne na watanni. Tumatirin ba shi da watanni.

Yadda aka samu mafita ba dabara ba ce. Yaya ya gaji da jan sa ta gaba, sai ya koma gefensa na dama, ya dafa tozon, ya manna kafaɗarsa a jikinsa don ya tura shi kan hanya. San ya jingino. Yaya ya tokare. Suka tafi tare, a miƙe, har ƙarshen hanyar. Gugan ya hau, wutsiyar ta miƙe, ruwa ya zubo cikin kwami da ƙara, ya bi lambatu.

Suka juyo, suka sake.

Haka aka yi sauran ranin. Da an idar da sallar asuba Yaya yana gefen san, suna zuwa suna dawowa. Hanyar ba ta da faɗin biyu, don haka ƙafarsa ɗaya kullum a cikin fangali take, har layin tumatirin da ke gefen ya mutu, aka bar shi. Tunda yana can, dole wani ya raba ruwa. Ni nake yi kafin in tafi ofis, da fartanya, in buɗe wannan fangali in toshe wancan. Idan na tafi baƙon ya karɓa, ya naɗe wandonsa na ma'aikata. Yana raba ruwan yana tsokana.

"Bakano, wa ya fi wani ci tsakaninku? In sani ko harawar za ta isa."

"Kai dai toshe can, ruwa yana gudu. Haka kuke aiki a ƙasarku?"

Na taɓa cewa in karɓi Yaya ya huta. San bai yarda da nauyina ba, ko ni ban iya tokarewa ba, ya kai ni cikin fangali. Ban sake ba. Kafaɗar Yaya ta hagu ta kumbura, daga baya ta yi kanta. Rigunansa duk suka yi ja a gefe ɗaya saboda gashi da gumi. Inna takan dafa ruwa ta gasa masa. Ni kuwa ina kallon duk wannan kamar aikin da aka turo ni dubawa a gonar wani. Na san ya kamata in ji wani abu. Ina dai tashi in je in buɗe fangali.

Ruwan bai kai na inji ba. Ban tabbata ko ya kai rabi ba. Da hantsi san yake gajiya, dole a kwance shi, a ba shi harawa da dusa, sai la'asar a ɗan ƙara. Idan Yaya ya samu mai, wanda ba kullum ba ne, sai a tayar da injin a kai ruwa can ƙarshen lambu. Da abin ya yi tsanani, ya tsaya wata safiya ya nuna da hannu daga wata bishiyar zogale zuwa shinge, ya ce daga nan zuwa can a bar shi. Na ce ko a ɗan ƙara jira, wataƙila man ya samu. Ya ce in an raba ruwan ga duka, duka za su mutu. Aka bar shi. Cikin 'yan kwanaki wajen ya koma ruwan ƙasa.

Kafin baƙon ya koma, manya suka zo ganin gwajin, namu da na can, a motoci. An share wuri an kafa rumfa. Wani ya yi jawabi a kan cewa ƙasashen nan biyu rana ɗaya ke dukan su, iska ɗaya, kogi ɗaya, kuma bai kamata manomi ya rataya rayuwarsa a kan abin da ake kawowa a tanka ba. Wani ya fassara. Ban ce maganar ba gaskiya ba ce. Har yau ina ganin gaskiya ce. Yayin da suke yi, Yaya da san suna zuwa suna dawowa, don lokacin ban ruwa ne, kuma ya ce ba zai tsaya ba.

Wani babba daga cikin namu ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna Yaya da sandarsa.

"Shi wannan mutumin da ke tafiya a gefe, cikin tsarin yake?"

Shugaban ofishinmu ya dube ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, a asali ba ya ciki. Amma a halin da ake ciki yanzu, a wannan wurin, ana iya cewa kusan yana ciki."

"Ban gane ba."

Baƙon ya ce, "San Kanawa ne, ranka ya daɗe. Ba ya tafiya sai da abokin hira."

Suka yi dariya, suka tafa, aka ɗauki hoto. An ce za a duba yiwuwar yaɗa dabarar a wasu wurare. Ban san ko an duba ba. Motocin suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na lura mu uku duk mun bi su da kallo, kuma ina jin ba mutanen ciki muke kallo ba, man da ke tankunansu ne.

Baƙon ya tafi ana saura kaɗan a fara ɗiba. Inna ta ƙulla masa daddawa da kuka. Ya gaya wa Yaya cewa in an buɗe iyaka ya zo Damagaram ya ga yadda ake aiki. Yaya ya ce zai zo karɓar mansa. Ba su sake haɗuwa ba, a iya sanina.

Abin da aka shayar ya yi 'ya'ya, kuma masu kyau. Sai dai tumatirin yankinmu ba a yankinmu ake cinye shi ba. Manyan motoci ne ke zuwa su yi lodin kwanduna su nufi kudu. A shekarar motocin ba su da gas. Kaɗan ne ke zuwa, kuma wajen Kadawa suke tsayawa, inda kaya ya fi yawa, su cika tun kafin hantsi. Yaya ya kai ɗibar farko bakin titi, ta wuni a rana, ya dawo da ita ta fara ruwa. Ta biyu dillali ya taya ta abin da ko kwandon bai biya ba.

Sai aka koma yanka. Aka share wajen da aka bari ya bushe, tunda babu komai a kansa, aka shimfiɗa kara. A raba tumatir biyu, a jera shi cikinsa yana kallon sama, rana ta yi sauran. Kauɗa ke nan. Ba ta da daraja da rani, sai damina ta yi nisa, ɗanye ya yi wuya, sannan ake neman ta. Kwando da yawa ke komawa buhu ɗaya. Inna ta fito, matar Yaya ta fito, ni ma in na taso ofis nan nake zuwa. Wajen ya yi ja tun daga zogale har shinge, ƙudaje suna bi.

A nan Baffa ya same mu wata la'asar. Ya jingine kekensa, ya yi sallama, ya gaishe da Inna. Ya zagaya ya dubi inda ya yi da inda bai yi ba. Ya dubi buhunan da aka riga aka ɗinke a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗauki kauɗa ɗaya ya murza, ya shinshina.

"To, ɗana, yaya ke nan?"

"Ga shi kana gani, Baffa."

"Ina gani. Ya yi ko bai yi ba?"

Yaya bai daina yanka ba. Ya ce, "Ba zan ce ya yi ba."

"Ni ma ba zan ce bai yi ba." Baffa ya juyo gare ni. "Malamin gona, kai fa?"

Na fara cewa abin ya danganta da yadda kasuwar damina za ta kasance, ya ɗaga mini hannu.

"Bar shi, na san amsarka."

Inna ta yi dariya kaɗan, ta rufe baki da gefen mayafi.

Baffa ya ce ya ga mutumin birnin a kasuwa, kuma mutumin bai sake tayar da maganar ba. An ce durom ɗinsa ma sun ƙare tun tsakiyar rani, filayen da ya karɓa rabinsu a bushe suke. Ko da ya tayar, in ji Baffa, ba yanzu ba.

"Ka riƙe abinka. In an yi kaka mu ga inda aka kwana."

Yaya ya ce, "To, Baffa."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Lambun bai bar hannunsa ba, a shekarar da kuma bayanta. Na dubi fuskarsa ko zan ga wani abu, ban gani ba, kuma ban san abin da ke tawa fuskar ba. Baffa ya tattare babbar rigarsa ya zauna a kan kwandon da aka kife, ya ce a miƙo masa wuƙa. Ta matar Yaya aka ba shi, ya ce ba ta da kaifi, ya wasa ta a bakin dutse. Muka ci gaba da yanka har aka kira magariba. Ruwan tumatir ya shiga wata 'yar tsaga a yatsana, yana zafi, na bar shi.